Takalmin Injiniya

Kafin ƙarfe bakwai na safe labari ya gama zaga unguwa cewa an shiga siton Mai Kemis an yi gaba da kaya. Kafin ƙarfe takwas kuwa an kama ɓarawo, an yanke masa hukunci, saura kawai hukuma ta zo ta sa hannu. Haka mutanen layin nan suke, ba sa son aiki ya kwana.

Baba Mai Sawu yana tsakar gida yana neman tabarau ɗinsa lokacin da Shugaban Makaranta ya yi sallama.

"Shigo, Malam, ka ga abin mamaki," in ji matarsa. "Mutumin da ya shekara talatin a gandun daji yana bin sawun ɓarayin giwa, ga shi ya kasa gano abin da ke bisa goshinsa."

Baba ya shafa goshi, ya sauko da tabarau, ya yi kamar bai ji ba. Malam ko murmushi bai yi ba.

"Baba, ɗalibina suka kama. Yaron matar nan mai wanki a asibiti, wanda ake ce wa Injiniya. Da ƙyar na ƙwace shi na kulle a ofis, don da sun karya shi. Mai Kemis ya kira ɗan sanda, ya ce sai ƙarfe huɗu zai samu zuwa. Gobe da safe yaron nan zai fara jarrabawar fita. In aka tafi da shi yau, shekara shida ta tafi a banza."

"Uwar fa?"

"Tun asuba ta fita aiki, kuma ba a shiga ɗakin wankin da waya. Ba ta ma sani ba."

Baba ya san yaron. Tun yana ɗan mitsitsi yake farke rediyon mutane yana mayarwa, har sunan ya bi shi. Uban ya rasu, uwar ce kaɗai ke fama. Ya ɗauki sandarsa mai tsage-tsage, wadda yake awo da ita, ya bi Malam yana ɗingisa gwiwarsa mai ciwo.

* * *

An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi yadda mai bin sawu yake so. Sai dai jama'a sun riga sun tattake gaban kantin kamar an kora garke. Baba ya tsaya yana kallon ɓarnar, ransa ya ɓaci.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga ƙafa, shi zan ce ya yi satar."

Aka tsaya cak. Allah ya taimaka lungun baya, inda ƙofar siton take, taɓo ne, ba wanda ya yarda ya ɓata takalminsa. Nan sawun yake raɗau: kambas babba, da facin taya a dugadugin hagu.

"Ka gani ko?" Mahauci ne, wanda muryarsa ta fi ta kowa tun safe. "Wa bai san facin nan ba? Da hannunsa Injiniya ya manna shi. Ga takalman can mun ɗauko a ƙofar ɗakinsa, taɓo har wuya. Dubi ƙofar ma, ba a fasa ba, kwance ta aka yi. In ba Injiniya ba wa zai yi wannan? Yaran zamani sun gama lalacewa, iyayensu kuma sun sa ido."

Baba ya duba. An kwance ƙarfen da kwaɗo yake maƙale, an jera kusoshin guda huɗu a bakin taga kamar za a dawo a mayar. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. Kansa duk ƙarce ne, an yi ta zamewa kafin ya juya. Ya mayar da shi bakin taga.

Mai Kemis yana tsaye da farar rigarsa, yana share gumi.

"Me aka ɗauka?"

"Maganin tari. Katan biyu."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Madarar jarirai? Allurai? Aljihun tebur?"

"Ba a taɓa ba."

"Katan biyu na maganin tari," Baba ya maimaita. "Ikon Allah. Ni kuwa kullum a layin nan nake wucewa, ban taɓa jin ana tari haka ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Mai Kemis ya ce shi dai kayansa yake so.

Maigadin layin shi ma ana zarginsa, don wasu na cewa da shi aka haɗa baki. Ya rantse ko gyangyaɗi bai yi ba, kuma ya hangi ƙarti uku, kowanne ya kai ƙofa tsawo. Baba ya dubi zanen tabarma kwance a kumatunsa, ya dubi ƙatuwar ƙafarsa cikin takalmin ruwa.

"Abokina, je ka ƙarasa barcinka. Laifinka ɗaya ne, kuma ba sata ba ne."

* * *

Ya hana kowa bin sa. Sawun ya fita daga lungu ya miƙe ta bayan gidaje, Baba na biye a hankali, yana tsayawa yana ɗora sanda tsakanin taku da taku. Tun bai yi nisa ba wani abu ya fara damun sa. Takalmin na dogon saurayi ne, amma takun gajere. Dugadugi ya nutse sosai, gaban takalmin kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Kuma ƙafar hagu tana ɗan karkata waje, kowane taku, ba fashi.

Hanyar ta bi ta gefen wani kango da aka fara ginawa aka bari. Kowa ya san nan samari ke taruwa, kowa kuma ya san ɗan wani ne ke zuwa, ba nasa ba. Baba ya leƙa. Ɗan Mahauci ne zaune a kan bulo, wanda ya dawo hutu daga kwaleji, idanu sun yi ja, da robar lemo a hannu wadda launin abin cikinta ba na lemo ba ne. Yana ganin Baba ya tura ta bayan ƙafa.

"Ba ita na zo nema ba, ɗana. Ina ka kwana?"

"Gida, Baba. Wallahi gida."

"Injiniya yana zuwa nan?"

Saurayin ya gyaɗa kai a hankali kamar kan ya yi masa nauyi. "Tun bara. Da farko cewa ya yi don ya samu barci in ya gama karatu. Amma Baba, me zai sa ya yi sata? Ta tagar bayan kantin Mai Kemis ake miƙo mana. Ko da kayan makaranta ka je ba a tambayar ka komai."

Baba ya daɗe yana kallon sa. Yaron da ya sani da ƙiba, ga shi wuya ya zama kamar mariƙin lema. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa, don shi ma sau nawa yana wucewa ta nan yana kau da kai.

"Mahaifinka ya sani?"

"In ya sani yanka ni zai yi."

Baba ya fito ya koma kan sawu. Sawun bai shiga kangon ba, ko waiwaye bai yi ba, ya wuce abinsa.

* * *

Sawun ya ƙare a bakin tsohon ramin da aka taɓa haƙar ƙasar gini. Kafin Baba ya ga komai, tururuwa ya fara gani, layi-layi, baƙi ƙirin, duk sun nufi wuri guda. Ƙasar wurin ta jiƙe ta yi danƙo, wani zaƙi-zaƙi na tashi.

Katan biyun suna ƙarƙashin wata ƙaya. Ya buɗe. Kwalaben duk suna ciki, kowace a gurbinta, an mayar da murfinta an ɗaure, kuma babu ko ɗigo a cikinsu. Ɗaya bayan ɗaya aka buɗe su aka tsiyaye a ƙasa.

Mai sha ba ya zubarwa, mai sayarwa ma haka. A gefe akwai dutse, gabansa dugadugan takalmin sun yi rami biyu. Wanda ya yi aikin ya zauna nan ya daɗe bayan ya gama. Baba ma sai ya zauna a kan dutsen.

* * *

Injiniya yana zaune a ƙasa a ofishin Malam, ga kujera amma bai hau ba. Leɓensa ya fashe inda wani ya kai masa hannu. Yana ta hamma, hanci na zuba, yatsunsa na rawa a kan gwiwa.

"Ni ne," ya ce, tun Baba bai zauna ba.

"To madalla, ka rage mini aiki. Ina kayan?"

"Na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mai mota. Ban san shi ba."

"Da me ka kwance ƙofar?"

"Sukundireba."

"Kai da kake kwance rediyo ido rufe, shi ne ka yi wa kusoshi huɗu kaca-kaca? Wannan aikin bakin wuƙa ne, ɗana." Baba ya matso, ya rage murya. "Da ka tashi da safe, a ina ka tarar da takalmanka, kuma yaya ka gan su?"

Yaron ya ɗago. Idanunsa suka cika taf.

"Baba, na ce ni ne. Don girman Allah a bar shi a haka."

Daga nan Baba ya wuce gidansu. Ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, igiyar shanya daga bango zuwa bango, ba kowa. A ƙarƙashin igiyar akwai sawun silifas, ƙarami, ya je ya dawo. Ya ɗora sandarsa. Takun ya faɗa daidai kan tsagar da ya riƙe da babban yatsa tun daga lungu, ƙafar hagu kuma tana karkata waje.

Shekara talatin yana alfahari idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Yau ne karo na farko da ya so a ce ya yi. In ya yi shiru yaron zai tafi. In ya yi magana uwar za ta tafi, yaron kuma ba shi da kowa sai ita.

* * *

Ƙarfe uku da rabi harabar makaranta ta cika. Baba ya sa aka share fili mai faɗi aka yayyafa ruwa. Aka fito da Injiniya, aka tsayar da Maigadi, aka kuma kira ɗan Mahauci, abin da ya sa uban ya fara kumfar baki sai da Malam ya lallashe shi. Katan biyun suna gefe, Baba ya rufe su da buhu.

Ya sa kowannensu ya saka kambas ɗin ya taka filin. Ƙafar Maigadi ko shiga ba ta yi ba. Ɗan Mahauci ya ja ƙafa ya wuce. Injiniya ya taka na ƙarshe, yana ƙoƙarin gajarta taku, amma mai dogayen ƙafafu ba ya iya ɓoye su.

"Ku matso ku gani," in ji Baba. "Takun yaron nan ya kai nan a sandata. Na lungu ya tsaya nan, saura kusan taƙi guda. Yaron nan da yatsu yake tura ƙasa, ga ramin. Na lungu gaban takalmin fanko ne, ƙafar ciki ba ta kai can ba. Kuma a ka aka ɗauki kayan, don sawun a miƙe yake kamar an ja zare. Takalmin nasa ne. Ƙafar ba tasa ba ce."

"Ni ne!" Injiniya ya ɗaga murya. "Na ce muku ni ne!"

"Yi shiru, ɗana."

"To ƙafar wa ce?" in ji Mahauci.

"An ce in duba ko yaron nan ne. Na duba, ba shi ba ne."

"A'a, Baba, kada ka mayar da mu yara. Ka sani."

Baba ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba. Sai ga uwar yaron ta shigo ƙofar makaranta da sauri, da shuɗiyar rigar aiki, hannayenta fari fat saboda sabulu. A hanya aka tare ta da labari. Ba ta ga kowa ba sai ɗanta, ta ratsa ta tsakiyar filin da aka share ta nufe shi. Sawunta ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa gaban idon kowa, gajere, hagu na karkata waje.

Baba ya yi wuf ya bi bayanta yana jan ƙafarsa mai ciwo, yana share sawun kamar gwiwar ce ta matsa masa. Bai taɓa ɓata sawu da gangan ba sai ran nan, kuma bai ji kunya ba.

Wahalar banza ya yi. Ta shafa leɓen ɗanta da ya fashe, ta ga kambas ɗin a ƙafarsa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni. Takalminka na saka." Ta juyo ta fuskanci jama'a. "Ku sake shi. Ni na shiga siton. Duhu ne, na zura abin da ƙafata ta samu a bakin ƙofa, ban ko duba ba."

"Mama, ki yi shiru!"

"Kai ne za ka yi shiru." Ta nuna Mai Kemis. "Sau uku ina zuwa wurin mutumin nan. Na durƙusa masa, ni da na girme shi. Na ce yaron nan maraya ne, in ya zo kada ka ba shi. Ya ce shi kasuwa yake yi, in je in tsare ɗana. Yaya zan tsare shi ina can ina wanke zanen gadon marasa lafiya? Jiya na dawo na same shi kife a kan littafi. Na kira, na girgiza, na zuba masa ruwa, bai motsa ba. Na sa kunne a ƙirjinsa ina saurare, kamar yadda nake gani ana yi wa waɗanda ake rufewa da zanen da nake wankewa." Ta share fuska da bakin riga. "Na san sata ce. Na san gobe Mai Kemis zai sayo wani. Amma na ce ko kwana uku ne yaron nan ya samu ya rubuta jarrabawarsa da hankalinsa. In ɗaurewa ne a ɗaure ni."

Matan da suka fi kowa zagi da safe suka kasa haɗa ido da ita. Mahauci ya juya zai yi magana, idonsa ya faɗa kan ɗansa, ya kalle shi irin kallon da ya daɗe bai yi masa ba: wuyan, idanun, hannun da ke rawa. Ya je ya tsaya kusa da shi, ya rasa abin yi, sai ya dafa kafaɗarsa.

Ana haka ɗan sanda ya iso a kan babur, ya ciro littafi ya tambayi wanda aka yi wa sata. Baba ya yaye buhun.

"Ranka ya daɗe, ga kayan an samu. Sai dai mai su ya yi maka bayanin ko mene ne, da takardun likitan da yake sayar da su a kai, da kuma abin da ake miƙawa ta tagar baya. Akwai iyaye a nan da za su so su ji."

Ɗan sandan ya ɗauki kwalba ɗaya ya karanta, ya ɗaga gira. Mai Kemis ya dubi kwalbar, ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya ga ba ta wasa a ciki.

"Ni fa ban ce a kama kowa ba," ya ce. "Ƙofa ce kawai aka kwance, kuma ga kusoshin nan. Na yafe."

"Ka yafe naka," in ji ɗan sandan. "Ɗauko katan ɗin mu je, ni ina da tambaya."

* * *

Jama'a suka watse a sanyaye, kowa na satar kallon nasa ɗan. Malam ya ce wa Injiniya jarrabawar gobe ƙarfe tara daidai ce, kada ya makara. Baba ya zauna a bakin baranda yana murza gwiwa, uwa da ɗa suna tsaye kusa da shi, sun manta yana wurin.

"Wai kai ne ɓarawo," ta ce. "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa. Da sun tafi da kai fa? Wa na yi wa wahalar?"

"Da ke za su tafi, Mama."

"To ina ruwanka? Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi, ya riƙe gefen rigar aikinta.

"Mama, ba a kwalaben can abin yake ba, a jikina yake. Na gwada bari, wallahi na gwada, sau huɗu. Kwana biyu nake yi in koma. Yanzu ma jikina nema yake. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Baba ya ga fuskarta. Ya zaci za ta rushe, don ba wannan ta so ji ba bayan duk abin da ta yi. Sai ya ga kamar an sauke mata kaya. Shekara guda tana magana da ƙofa a rufe, yau aka amsa mata daga ciki.

"Wa ya ce maka kai kaɗai?" Ta kama fuskarsa da farfasassun hannayenta. "Akwai wani likita a wurinmu, shekara tara ina wanke masa riga ban taɓa roƙon sa komai ba. Yanzu za mu je, kafin ya tashi. Ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, kada ka rage ko ɗaya."

"In an gan mu fa? A wurin aikinki ne."

"A gan mu. Ɗana ne ba shi da lafiya, na kawo shi asibiti." Ta ja hannunsa. "Tashi. Ko karyawa ba ka yi ba, mu tsaya a hanya ka sa wani abu a cikinka."